Ɗuren da Mijinyawa Ya Yi wa Inna Atika

Ciwon daji ya ci jikin Inna Atika har asibiti suka sallame ta, ta koma gida Dandin Mahe. A 1983 ne, shekarar da abinci ya yi tsadar tsiya. Tsohuwa ta rame ta zama ƙashi da fata, ko ƙamshin miya ta ji sai zuciyarta ta tashi.

Malamar asibiti ta yi wa ɗanta Mijinyawa bayani dalla-dalla. Ta ce ciwon yana tayar da kumburi a cikin jiki, kumburin ne ke kashe sha'awar abinci, yana kuma zaizaye tsoka ko da an ci. A riƙa ba ta abin da ranta ke so kaɗan-kaɗan, in ta ce ya isa a ƙyale ta.

Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Shi gwanin kiwon ragunan layya ne, a iya tunaninsa duk abin da ya ƙi ci maganinsa ɗure. Kuma ba ramar uwar ce ta dame shi ba, tsegumin kasuwar Shagari ne, inda ake cewa mai rumbu cike ya bar uwarsa da yunwa.

"Inna, so kika ki kunyata ni ga mutane?" in ji shi.

"Ba ƙi nika yi ba, ɗana. Cikin na ba shi amsar abinci. Ba ni farau-farau in kurɓa."

Ƙanwarsa Safinatu ta ce, "Yaya, malama ta hana a matsa mata."

"Malamag ga ta taɓa kiwon ko akuya?"

Ya tallabe kan uwarsa, ya toshe mata hanci, ya kwarara mata kunu mai kauri. Ta ƙware, kunu ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu. Zazzaɓi ya rufe ta, ƙirji na kurari, gogan naka kuwa yana zaure yana shaida wa baƙi cewa yau Inna ta shanye kwano.

'Yan kwanakin da suka rage mata, da ta ji takunsa sai ta rufe baki da hannu biyu. A haka ta cika, tana tsoron ɗan da ta haifa.

Jama'a, mai ciwon daji da ya ƙi abinci ba taurin kai yake yi ba, kumburin ciwon ne ya rufe masa ci. A lallaɓa shi, a bi shawarar asibiti, kada a yi masa ɗure don gudun bakin mutane.