Rigar Sanyin Auta

Da ƙyar Auta ya fito daga ɗakin gwaji na shagon, sanye da rigar sanyi mai kauri kamar katifa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mai shago ya ja masa zif har wuya, ya ce a ƙasar da zai je, wannan ma rigar shan iska ce. Auta ya saya, ya haɗa da safar hannu, da hula mai rufe kunne, da takalmin da ya kai masa gwiwa.

Wata makaranta ce a ƙasar waje ta ɗauke shi aikin koyar da lissafi. Ta kwamfuta aka gwada shi, duk gidan suna laɓe a bayan ƙofa. Shugabar makarantar, mace mai fara'a, har ta tambaye shi ko ɗakinsa babu hayaniya, ko wuta tana zama a unguwarsu, sannan ta ce ranar Litinin ta farkon wata zai fara. Mama ta ce mutanen can akwai kula, har lafiyar gidan mutum suke tambaya. Kawu, wanda ya taɓa raka wani zuwa filin jirgi, ya yi bayanin cewa biza da tikiti aikin makaranta ne, kuma sai ana gobe tafiya ake turowa, saboda ɓarayi.

Abokansa suka ce abin kunya ne mutum ya je waje bai iya rawa ba. Kullum bayan magariba sai su haye da shi wani wurin shaƙatawa a saman bene, inda fitilu ke canza launi. Da rigar sanyin yake zuwa, wai don jikinsa ya saba da nauyinta. Ran farko waƙa ɗaya ya taka, aka fitar da shi baranda ana yi masa fifita da faranti. Daga ranar, da ya shigo mai saka kiɗa zai sanar cewa Malam na Waje ya iso, a yi ta tafi. Mai kawo lemo ta yi masa sautun turare. Mai gadi ya ce shi agogo ya ishe shi.

A gida kuma Yaya, wadda ta daɗe tana neman wurin ɗinki, ba ta jira ya tafi ba. Ta shigar da kekunanta da ɗalibanta ɗakinsa, aka ba maƙwabci gadon. Auta ya koma kwana a falo, yana matashi da jakar tafiya.

Makarantar ta aiko da ɗan kwali: abin sawa a kunne mai makirufo, da ƙaramar fitila. Kawu ya jujjuya su, ya ce na kunnen don ƙarar jirgi ne, fitilar kuwa ai can rana ba ta cika fitowa ba.

Asabar ta zo, babu tikiti. An riga an yi masa bankwana har sau biyu a saman benen, kuma duk wanda ya gamu da shi a layi sai ya ce, "Au, ba ka tafi ba?" Ya fara bin ƙofar baya.

Ranar Lahadi da yamma, akwatuna jere a bakin ƙofa, Mama tana share hawaye, Kawu ya ce a kira shugabar makarantar a waya, a buɗe murya kowa ya ji. Auta ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya gama shiri, amma tikiti bai iso ba, kuma yana son sanin wanda zai tarye shi a filin jirgi.

Daga ɗakinsa ƙarar kekunan Yaya ke ta tashi.

"Wane filin jirgi kuma, Malam?" in ji ta. "Ai duk malamanmu daga gidajensu suke koyarwa. Gobe da safe ka zauna a ɗakinka, ka kunna kwamfuta, yara za su gan ka."