Gado Ɗaya Ya Rage

Tun a matakalar tashar jirgin ƙasa tayar akwatin ta ɓalle, sai Auta ta ja shi ƙiii har ƙarƙashin babban agogo ta zauna a kai. Umma ce ta shirya shi da hannunta: bargo biyu, tukunya, sallaya, har da dutsen guga, wai ƙasar mutane ba a fara ta da aro. Ga shi yanzu ko ɗaga shi Auta ba ta iyawa.

Jirginsu ne ya yi latti, kuma yau ce ranar ƙarshe ta karɓar ɗaki a masaukin ɗalibai. Da ɗan cajin da ya rage a wayarta ta kira matar ofishin masaukin. Yaren garin da ta yi watanni tana haddacewa ya gudu ya bar ta, kuka ya maye gurbinsa. Da ƙyar ta faɗi inda take: tasha, ƙarƙashin agogo, koren mayafi. Matar ta maimaita da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai yi wa kurma magana. Sannan ta ce gado ɗaya ya rage, kuma akwai mai jiransa. In ta rufe ofis da yamma Auta ba ta iso ba, shi ke nan.

Nan wayar ta mutu.

Auta ta san Baba ba shi da halin kama mata haya a cikin gari. Zuwan nan ma sai da aka yi da gaske. In gadon nan ya kuɓuce, karatun ya bi shi.

Ta tari mutum, ta tari wani. Wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna yamma, wata tsohuwa ta danƙa mata alewa a hannu ta wuce. A waje ruwa ake yi, motoci na tsayawa suna tafiya, kowace da rubutun da ba ya karantuwa. Ta koma kan akwatin ta haɗa kai da gwiwa, bakinta na ta Hasbunallahu, don ita kaɗai ta rage mata.

Can sai ga wata doguwar budurwa mai tabarau ta shigo a jiƙe sharkaf, ba lema, ba jaka, tana leƙa fuskokin mutane. Tana ganin Auta ta nufo ta kai tsaye.

“Masaukin ɗalibai, ko? Tashi, ƙanwata.”

Ta kama hannun akwatin ta ja, bai motsa ba. “Kai! Ke kaɗai kika zo, ko da 'yan gidanku a ciki?”

Dariya ta ƙwace wa Auta tana cikin hawaye. Suka ɗauke shi kama-kama, ɗaya gaba ɗaya baya.

Auta ta bi ta kamar raƙumi da akala. A ranta ta ce wannan ta daɗe a garin, dubi yadda take ratsa mutane. Amma a kowace kusurwa sai mai tabarau ta tsaya ta karanta allo tana motsa baki, ta waiwaya baya, sannan ta ce a tafi. Motar farko da suka shiga ma sai da suka sauka suka tsallaka titi suka hau wata. Idanunta jajur, irin na wanda ya kwana a zaune.

Mota ta biyu ta shiga cunkoso ta tsaya cak. Gari ya fara rufewa, masu shaguna suna janyo ƙofofi. Auta ta dubi titi, ta dubi sama, ba abin da za ta iya yi wa ko ɗaya.

“Yaya, ba za mu kai ba,” ta ce. “Na san wadda ke jiran gadon nan tana can tana roƙon Allah kar in iso.”

Mai tabarau ta cire tabaran ta goge da bakin rigarta, ta daɗe tana gogewa.

“Wataƙila ta roƙa da safe,” ta ce. “Sauko, ƙafa ta fi wannan motar.”

Suka sauka cikin ruwa. Hannun akwatin ya yanki tafin Auta, takalminta ɗaya ya tsinke, ta cire ta riƙe. A hawan tudu na ƙarshe ta durƙushe ta ce ita kam ta gaji, a bar shi kawai, haka Allah Ya rubuta.

“Kin leƙa kin gani ne?” in ji mai tabarau. Ta tattaro ƙarfinta ta ɗora akwatin a ka, wuyanta na rawa. “Wuce gaba. Ƙofa mai shuɗin fenti. Gudu!”

Auta ta faɗa ofishin matar na tsaye, jaka a kafaɗa, hannu a kan makunnin fitila. Matar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta yi ajiyar zuciya, ta koma ta zauna. Auta ta sa hannu inda aka nuna mata, aka miƙa mata mabuɗi. Ta rungume shi a ƙirji tana Alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa.

Da ta juyo, akwatinta na ajiye a bakin ƙofa yana ɗigar ruwa. Mai tabarau ta sunkuya ta jawo wata 'yar jaka daga ƙarƙashin bencin baƙi, ta rataya, ta ɗaga wa Auta hannu, ta fita cikin ruwan.

Auta ta ce, “Don Allah Anti, wane ɗaki take? Ko godiya ban yi mata ba.”

Matar ta kashe fitila.

“Ba ta da ɗaki, 'yata. Tun safe take zaune a kan bencin nan tana jiran gadonki, sai da ta ji kukanki a waya ta tashi ta fita.”