Sunan Inno a Duniyar Wata

Wa ya fi laifi, wanda ya yi dukan ko wanda ya ɓoye labarin? Har yau an kasa raba wannan gardama a unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki.

Fawaz ya danne abokinsa Mazen a tsakiyar aji, yana ta kirɓa masa naushi har hanci ya fashe.

An ce kowane aji ya kawo sunan da za a sa wa na'urar hangen taurari da za a kai duniyar wata, duk ɗalibai su sa hannu a takardar sunan. Mazen ya rubuta "Inno", har da bayanin titin da take sayar da gyaɗa. Kakar Fawaz ce, ita ta raine shi. Shekara talatin da zuwanta Hajji ba ta koma gida ba, kuma ba ta da iƙama, wato izinin zama a ƙasar. Takardar kuwa a intanet za a sa ta.

"Wallahi ba zan sa hannu ba!" in ji Fawaz. "Asirinta za ka tona, munafuki?"

Mazen ya tofar da jini haɗe da haƙori. "Halas, ya ƙare, ya akhi, babu sauran asiri. Da safe, bayan ka wuce, a gabana motar kamen marasa iƙama ta ɗauke ta. Na kasa faɗa maka. Na ce duk inda aka kai ta, in ta ɗaga kai za ta ga inda sunanta yake. Can ba a tambayar iƙama."

Fawaz ya saki wuyansa, ya ɗauko takardar daga ƙasa. Hannunsa ya kumbura, biro ya ƙi riƙuwa. Sai ya dangwala yatsansa mai jini a ƙarƙashin sunan.