Ajiyar Nomau

Shekara arba'in ina kasuwar Funtuwa. Ƙwayar na'ura nake sayarwa, wadda in babu ita injin ban-ruwa ba ya tashi. Kamfani ɗaya ya cinye kasuwar. Kowace ƙwayarsa tana da ɗigon koriyar wuta. Kowa ya san in ka haɗa kayansa da na wani wuri ɗaya, wutar za ta mutu, ƙwayar ta daina aiki.

Ranar Talata aka yi wa maƙwabcina Nomau rasuwa. Shi kaɗai ya rage yana sayar da ƙwaya ƙirar Zariya. Ya miƙo min tirensa.

"Alhaji, ga ajiya, sai na dawo daga maƙabarta."

Ba a ƙin ajiya a kasuwa. Na tura tiren ƙarƙashin teburi.

Kafin azahar wutar kayana ta fara mutuwa, layi bayan layi. Sai ga Sadisu, wakilin Kamfani.

"Baba, ba wanda ya hana ka komai," in ji shi. "Kayanmu ne ba sa son cunkoso."

"Amana ce."

"To, Allah ya kawo kasuwa."

Mutum goma sha ɗaya ke ci daga rumfar nan. Na ɗauki tiren, na ajiye a ƙasa, bakin kwata. Wutar ta dawo tun ban zauna ba.

Da la'asar Nomau ya dawo, ƙafarsa duk jar ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki tirensa, ya kaɗe.

"Na gode, Alhaji," ya ce.

Ko ta'aziyya na kasa yi masa.