Layin da Bai Cika Ba

"Ki danna kawai," in ji shugaban sashe, yana ƙwanƙwasa fuskar kwamfutarta da biro. "Wanda ya rubuta umarnin nan ya fi ni da ke sani."

Umarnin ɗan guntu ne, wanda ta gada a aikin ya bar shi a shafin da suke tace bayanan asibitoci: duk layin da aka bar wani gurbinsa fayau, a share shi kafin a fara lissafi. Ta sha danna shi ido rufe. Yau ta tsaya ta duba.

"Yallaɓai, ranar sallama ce babu a layukan nan. Wanda ya cika a kan benci kafin a ba shi gado, wa zai rubuta masa ranar sallama?"

"Masu tallafi na jiran rahoto. Kada ki jawo mana magana." Ya yi gaba abinsa.

Ta yi ta gangarawa cikin layukan har ta tsaya a kan ɗaya: namiji, wata huɗu, zazzaɓi, asibitin unguwarsu. Ba a sa suna a irin wannan aiki, amma ta gane ɗanta ne, har yanzu tana jin nauyinsa a kafaɗarta. Yayyensa suna gida, babansu kuma ba ya aiki.

Ta danna.

Zanen sakamakon lissafin ya fito, kore shar. Shugaban ya leƙo ta bayanta yana murmushi.

"Kin gani? A watan nan ko yaro ɗaya bai mutu ba."