Zaɓin Tela

"Ta biyun nake so," in ji Baba, tun likita bai rufe baki ba.

'Yarsa ta miƙe zumbur, ta zauna, ta sake miƙewa. Ciwon dajin da ke hantar Baba ya wuce tiyata. Hanya biyu suka rage, duka ta siririn bututu da za a zura ta jijiyar cinya. Ta farko 'yan ƙwayoyi ne masu haske mai ƙona ciwon. Wahalarta kaɗan ce, sai dai a kwanakin farko ba a son yara da masu ciki su raɓi majinyacin, don hasken na iya cutar da su. Ta biyu magani ne mai ƙarfi, ga zazzaɓi, ga amai, ga zaryar asibiti.

A baranda ta dinga kai-kawo. "Haba Baba! Ga mai sauƙi, ka ɗauki mai wuya? Gidanmu ko yaro ɗaya babu, wa kake jiye wa?"

Tsohon telan ya gyara zama a benci, yana murza tef ɗin awon da ba ya barin aljihunsa.

"Ke kaɗai ce mai jinyata. Na kuma san halinki, ko an kore ki ba za ki matsa ba."

"To sai me?"

"Rigar da na ɗinka miki kwanan nan, sai da na ƙara mata a ƙugu."

Ta tsaya cak, ta dafe mararta. Shekara da shekaru tana jiran haihuwa, kuma ko mijinta ba ta faɗa wa ba tukuna.