Tauraruwa Ba Juya Ba Ce

Saniya ɗaya ta rage wa Baba Dogo, wadda yake kira Tauraruwa saboda farin tabon da ke goshinta. Ita ce ƙarshen zuriyar saniyar da mahaifinsa ya bar masa. Ta jima ba ta haihu ba, ga shi kuma ya gan ta tana hawan shanun maƙwabta kamar mai neman bijimi. Sai ya yanke hukunci cewa ta zama juya.

Ran nan likitan dabbobi ya shigo unguwa da wani ɗan akwati rataye a wuya, wato na'urar duba ciki. Da ya ɗora bakinta a kan cikin wata akuya, sai gilashin na'urar ya yi toka-toka kamar hadari na haɗuwa, can a tsakiya wani ɗigo yana ƙiftawa. Zuciyar ɗan akuyan da ba a haifa ba ke nan. Ikon Allah!

"Baba, kawo saniyar in duba," in ji likita, da ya hango Baba Dogo cikin 'yan kallo. "Wata takan yi hawa alhali tana da ciki. Ido ba ya rarrabewa."

"Idona ne ba ya rarrabewa? Yaro, ina bin shanu tun ubanka bai yi gemu ba. Wannan talabijin ɗin naka mai ciwon ido, shi zai gaya mini halin saniyata?"

Matar Baba Dogo ta leƙo daga bakin ƙofa. "Malam, dubawa ce kawai fa. Me zai rage ka?"

"Au, ke ma kin zama likita? Koma ki duba cikin tukunyarki."

Jama'a suka bushe da dariya. Dariyar ta yi masa daɗi har ya kwana yana tunawa.

Ranar kasuwa ya ja Tauraruwa zuwa mayanka, da nufin ya sayar da ita ya maye gurbinta da karsana. Ta yi ta tirjewa a hanya, ya ce taurin kan juya ne. Aka yanka. Yana tsugune yana naɗe igiya sai mahauci ya ƙwala masa kira.

"Baba Dogo! Zo ka ga aikinka."

A kan siminti, cikin mahaifar da aka tsaga, ga 'yar maraƙa kwance, girman kyanwa. Ko gashi ba ta yi ba tukuna, amma a goshinta ga farin tabo nan ya fito sarai.

"Wa ya ce maka juya ce?" in ji mahauci.

Babu wanda ya yi dariya. Baba Dogo ya dawo gida da igiya a hannu, ya ɗaura ta a turken da ba kowa. Matarsa ta dubi igiyar, ta dube shi, ta koma ɗaki. Ya sayi karsana daga baya, amma har yau bai raɗa mata suna ba.

Jama'a masu kiwo, ido ba ya ganin abin da ke cikin dabba. Kafin ku kira ta juya, ko ku kai ta ga wuƙa, ku bari likita ya duba. Wanda aka yanka ba ya dawowa turke.